Farin batirin Eneloop a makirufo mara waya: tsadarsa da abin da ke cikinsa

Duk wanda sana'arsa ta haɗa shi da makirufo mara waya, ko filashin kyamara, ko ma na'urar awon hawan jini ta tsohuwarsa a gida, ni dai a ganina farin Eneloop, batirin nan mai caji, ya ci kuɗinsa. Tsada kam akwai tsada, ba zan ɓoye muku ba, amma tunda na koma kansa ban ƙara sayen batirin yarwa ba sai ɗan na ko-ta-kwana da nake ajiyewa a aljihun jaka. Hayar lasifika nake yi a nan Kano, tafsirin azumi, saukar karatu, walima, kamu, taron siyasa in kakarsa ta zo, kuma duk ɗan harkar ya san ba janareta ne ya fi ba mu kunya ba, shi janareta in zai mutu sai ya yi tari tukuna ka ji ka ruga, ƴan batura biyun nan na cikin maik su ne ba sa sallama, alaramma na tsakiyar jan baƙi sai kawai ka ji ɗif, duk masallaci a waiwayo ana neman mai lasifika da ido.

Kafin Eneloop na sha masu cajin nan na kasuwa, waɗanda ake dankara wa 3800 ko 4800 mAh a jiki da manyan baƙaƙe. Shi mAh ɗin nan shi ne yawan wutar da batir zai iya ɗauka, kuma batir girman AA irin na nikel, mafi ƙarfin da kamfanonin kirki suke yi bai wuce 2700 zuwa 2800 ba, wuri ne ba shi, gwangwanin nan ba ya ɗaukar abin da ya fi haka. To ka ga 4800 kenan tun daga bakin ƙofa an fara da ƙarya. Wani mai shago ya taɓa ɗaga min su biyu yana cewa "Alhaji duba lamba mana, wannan ai ya ninka wancan kuma ga sauƙi", na ce masa Malam ɗora min su a tafin hannu, ɗaya nan ɗaya nan. Eneloop AA yana kai wajen giram 26 zuwa 27, wancan kuwa sakayau, ko makaho ya riƙe ya san akwai magana. Ya yi dariya ya ce "kai dai Alhaji ka cika bincike", ya mayar da shi cikin gilas.

Asalinsa na kamfanin Sanyo ne na Japan, a watan Nuwamba 2005 suka fito da shi. Panasonic ta sayi mafi yawan hannun jarin Sanyo a 2009, shi ya sa yanzu sunan Panasonic za ka gani a jiki, amma masana'antar da ke garin Takasaki inda ake yin su sai da aka sayar wa kamfanin FDK a 2010 saboda hukumomin hana babakere sun ce ba zai yiwu kamfani ɗaya ya haɗiye kasuwar duka ba. Waɗanda aka rubuta an yi a Japan daga can suke fitowa, akwai kuma waɗanda Panasonic ke yi a China, su ma na asali ne ba jabu ba. Farin da nake da shi, lambarsa BK-3MCC, abin da suka rubuta masa 1900 mAh ne mafi ƙaranci. Ka ji fa, ko dubu biyu ba su cika ba a rubuce, amma shi ne zai kai ka daga bayan la'asar har a shafa fatiha, washegari ma ka sake ɗora shi in ka manta ba ka yi caji ba, mai 4800 kuwa tun kafin malam ya gama gaisuwa da godiya ga masu hannu da shuni ya fara jan wuta.

Abin da ya fi burge ni ma ba wannan ba ne, ajiya ce. Sana'armu tana da kaka, bayan sallah sai a yi shiru, damina ta zo biki ya ragu, kaya su kwanta a sito. Masu araha in ka cika su ka ajiye, ka dawo bayan wata ɗaya ko biyu sai ka tarar wayam kamar ba a taɓa sa musu wuta ba. Eneloop na ciro daga ƙasan akwati bayan watanni, na sa a maik ya yi aiki tiryan-tiryan. Kamfanin ya ce yana riƙe kashi 70 cikin ɗari bayan shekara 10, wannan su suka faɗa, kuma a sanyin ɗakin gwajinsu ne ba a siton da rufin kwano ke gasawa a watan Afrilu ba, amma na watanni kam na gani da idona.

Ɗan yayata ne ya warware min dalilin bambancin, yaron kimiyyar sinadarai ya karanta, yana bina wajen aiki in yana hutu. Wata rana ya ɗauki ɗaya daga cikin matattun masu arahar, wanda ya riga ya zuƙe tas, ya sa safar hannu ya yanke gwangwanin da ƙaramin zarto a tsakar gida. Kada wani ya ce zai gwada fa, ruwan da ke ciki potash ne mai ƙarfi, yana cin fata yana makantarwa, kuma garin ɓangaren negetif in da sauran caji a jikinsa yana iya kamawa da wuta da zarar ya sha iska. Abin da ke ciki falle-falle ne a nannaɗe, ɗaya toka-toka, ɗaya baƙi, ga wani farin yadi siriri a tsakaninsu don kada su taɓa juna, kuma nannaɗin bai ma cika gwangwanin ba, akwai fili a tsakiya da zai ɗauki tsinken ashana uku ko fiye. Ya ce "Kawu ga kuɗinka nan, iska ka saya." Sai ya kankare baƙin fallen da wuƙa, gari ya zubo, ƙarƙashinsa wani soson ƙarfe mai ƙananan ƙofofi ya bayyana.

Bayanin da ya yi min, wanda daga baya na bi na ƙara karantawa don kada yaro ya yi min burga, shi ne wannan garin na ɓangaren fositif sunansa nikel haidiroksaid, shi ne yake karɓar caji yake bayarwa, asalin launinsa kore ne, amma yana da babban aibi guda, wuta ba ta bi ta jikinsa sosai. In ka cusa shi haka tsiraransa cikin soson nikel ɗin, ƙwayoyin da suka jingina da ƙarfen ne kawai za su yi aiki, na tsakiya suna nan zaune ba su san ana yi ba, ka biya kuɗinsu ka ɗauki nauyinsu amma ba su ba ka komai. Tsofaffin batura ana narka garin nikel ne a yi faranti mai ƙananan ƙofofi ƙwarai don kowace ƙwaya ta samu ƙarfe kusa da ita, sai dai ƙarfen yana cinye wuri, abin da zai ɗauki caji ya zama kaɗan. A shekarun 1980 ne injiniyoyin Japan, cikinsu har da Masahiko Oshitani na kamfanin Yuasa, suka gyara hanyar kobalt. Ana zuba garin kobalt oksaid cikin kwaɓin, in aka zuba ruwan potash aka bar batirin ya kwana sai kobalt ɗin ya narke ya koma shuɗi a cikin ruwan, ya bi lungu-lungu, ya sake kwanciya a bayan kowace ƙwayar nikel, to cajin farko da za a yi masa a masana'anta shi ke mayar da wannan kwanciyar ta zama wani abu baƙi-baƙi da ake rubutawa CoOOH, shi kuma wannan wuta na bi ta jikinsa salin-alin. Kamar dai gyaɗa mai sukari, kowace ƙwaya da rigarta, in suka haɗu a leda riga ce ke taɓa riga, to ta rigar nan wutar ke bi daga ƙwaya zuwa ƙwaya har ta isa ƙarfe. Kuma hikimar ita ce in batir yana sauke wuta yadda aka saba, rigar ba ta komawa yadda take da, tana nan daram.

A shekarun 1990 sai aka ƙara gaba, maimakon a bar abin ya faru da kansa cikin batir, wani wuri ya samu da yawa wani ya tashi a tutar babu, sai a lulluɓe ƙwayoyin tun a masana'antar gari, a kwantar musu da kobalt haidiroksaid a baya cikin tanki, sannan a fesa ruwan soda mai ƙarfi a gasa da zafi cikin iska, Sanyo na cikin kamfanonin da suka yi rajistar wannan fasahar. Rigar da ake samu ta wannan hanyar ta fi ɗaukar wuta kuma ta fi jure wahala. Kauri ba wani kauri ba ne, ƙwayar kanta wajen maikiron 10 ce, wato kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, rigar kuma ba ta kai ko kusa da haka ba, ba abin da idonka zai gani sai dai launin gari ya juye daga kore zuwa baƙi.

To ka ga inda gizo ke saƙa. Kobalt ƙarfe ne mai tsada, wajen kashi 70 cikin ɗari na wanda duniya ke haƙowa daga Kongo Kinshasa yake fitowa, yankin Kolwezi da kewaye, masu motocin lantarki da masu wayoyi duk suna layi a kansa. Mai son ya sayar maka da batir huɗu a kuɗin lemo ina zai rage? Ni a nawa lissafin a irin wuraren nan ne da ba mai gani, a rage nannaɗi, a rage riga, a sa yadin tsakiya mai arha, sai a ƙara lamba a jikin leda tunda tawada ba ta da tsada.

Wani abin mamaki kuma, kobalt ɗin nan da yake alheri a fositif, a negetif shi ne ɗan ta'adda. Ɓangaren negetif garin haɗaɗɗen ƙarfe ne mai shanye haidirojin, a tsohon haɗi akwai kobalt da manganis a ciki, da tafiya ta yi tafiya sai su narke su je su kwanta a jikin yadin tsakiya su yi wa wuta ɓarauniyar hanya, batir na ajiye yana zuƙewa da kansa. Sanyo sun ce ɗaya daga cikin abin da suka yi wa Eneloop shi ne canza wannan haɗin zuwa wani mai magniziyam wanda ba kobalt ba manganis, suka kuma gyara yadin. Shi ne dalilin da ya sa yake jure zaman sito.

Sanin wannan ya canza yadda nake riƙe su, kuma nan ne nake so masu saye su buɗe kunne, don mutane da yawa su suke kashe batirinsu sannan su ce jabu aka ba su. Rigar kobalt ɗin nan tana da maƙiyi, shi ne a tatse batir har ƙasa a bar shi a haka. In wutarsa ta faɗi ƙasa sosai ya daɗe a wurin, rigar tana narkewa ta bar wurinta, in ka sake caji ba ta komawa daidai yadda take, wasu ƙwayoyin sun rabu da layi kenan har abada, sai ka ga batir yana cika da wuri yana mutuwa da wuri. Ya fi muni in guda biyu ne a jere ɗaya ya fi ɗaya rauni, mai ƙarfin sai ya ci gaba da tura wuta ta cikin raunannen ta baya. Maik mai kyau yana kashe kansa in wuta ta yi ƙasa, amma tocila da rediyo da motar wasan yara ba ruwansu, za su tsotse shi har sai ya ce ga garinku. In hasken tocila ya fara ja, cire ka kai caji, kada ka ce bari in ƙarasa. Yarana na aiki na kafa musu doka, ana tashi daga taro a zare batura daga maik kafin a naɗe waya, ba a kwana da su a ciki.

Sai zafi. Batirin nikel ba ya son a yi masa caji yana da zafi, maimakon wutar ta shiga sai ta koma fasa ruwan ciki tana fitar da iskar oksijin, shi ya sa ma masu yi suke ƙara irin su itiriyam oksaid a fositif don rage wannan, amma duk da haka in zafi ya haura digiri 40 ba a so a yi caji, mu kuwa Maris zuwa Mayu digiri 40 ɗin ai abincinmu ne. Ni da daddare nake yi ko bayan asuba, a ƙasan siminti, ba a kan amfilifaya ba, kuma ba na barin su a but ɗin mota da rana.

Caja ma rabin magana ce. BQ-CC55 nake amfani da ita, mai gurbi huɗu kowane da kansa da ƴar fitilarsa mai nuna ja, rawaya, kore, guda biyu wajen awa ɗaya da rabi, huɗu wajen awa uku, tana gane cikar batir ne ta ɗan saukowar da wutarsa ke yi in ya ƙoshi sai ta tsaya. Wannan a wajenmu ba ado ba ne. Cajojin nan masu arha da agogo suke aiki, awa kaza su kashe, to in NEPA ta ɗauke ta dawo sai agogon ya koma farko, a dare ɗaya ana iya ɗaukewa sau nawa, ka wayi gari batir ya dahu ba ka iya riƙe shi a hannu. Wasu ma ko agogon babu. Ka sayi Eneloop ka haɗa shi da irin wannan cajar, wallahi asara ka yi sau biyu.

Inda yake da rauni kuwa ba zan rufe ba. Volt 1.2 ne ba 1.5 ba, haka batirin nikel irin wannan yake, don haka wasu na'urorin suna nuna sanda biyu tun yana cike, wasu ƴan kaɗan ma su ƙi tashi. Manyan maik da yawa suna da wuri a menu da za ka gaya musu irin batirin da ka sa, ka canza shi zuwa NiMH, wato batirin nikel irin Eneloop, sai ma'aunin ya daidaita. Sannan lambar nan ta caji sau 2100 da ke jikin kwali, a tsohon ma'aunin gwaji na Japan ne, da aka sabunta ma'aunin a 2019 aka tsananta shi, Panasonic da kansu 600 suke rubutawa a can gida. Ɗari shida ma ai ba kaɗan ba ne, amma dai kada wani ya yi lissafin gado da 2100. Baƙin, wato Eneloop Pro, 2500 mAh ne, caji sau 500 a tsohon ma'aunin, ya fi tsada kuma ya fi saurin tsufa, masu hoto da filashi ke ci musu wuta su ya dace da su, ni ban ga abin da zai ƙara min ba tunda farin na kai ni ƙarshen taro.

Akwai masu ce min me ya sa ba zan koma sababbin nan na litiyam masu 1.5 da ake caji da wayar USB ba. Na gwada na wani abokin sana'a. A cikinsu akwai ƴar na'ura mai rage wuta daga 3.7 zuwa 1.5, tana riƙe 1.5 ɗin cif har ƙarshe sannan ta yanke lokaci ɗaya, ma'aunin maik na nuna cike, daƙiƙa ɗaya bayan haka shiru, abin da nake gudu kenan tun farko, ga wata ƴar ƙara siririya da na ji a lasifika in an ƙure murya. A rimot ko makullin ƙofa ba laifi. Su ma dai na litiyam ɗin, yaron ya ce min, ba su tsira daga riga ba, tun wajen shekarar 2000 Jaephil Cho da abokan aikinsa a Koriya ta Kudu suka nuna lulluɓe garin litiyam kobalt oksaid da alminiyam oksaid yana tsawaita ransa, yanzu har da wata hanya da Tuomo Suntola ya ƙirƙiro a Finland a 1974, ana hura tururin sinadari ɗaya a share a hura na biyu, kowane zagaye ya kwantar da wajen kashi ɗaya cikin goma na nanomita, ita kuma nanomita kashi ɗaya ce cikin miliyan na milimita. Sai dai can rigar garkuwa ce daga cin ruwan batir, alminiyam oksaid ba ya ɗaukar wuta, in ya yi kauri kaɗan ya toshe komai, shi ya sa masu bincike ke gwada irin su zinki oksaid da aka ɗiga wa alminiyam, mai karewa kuma wuta ta wuce. Ta nikel ɗinmu ita aikinta kai wutar ne kacokan.

Jabu ya yi yawa, wannan kam sai an yi hattara. Na asali yana da lambar kwanan wata da aka danna a jikin ledar, ba bugun tawada ba, sai ka karkata shi a haske kake gani, rubutunsa tsaf ba dusu-dusu, ga kuma nauyin da na faɗa, in da hali ka ɗora a ƙaramin sikeli irin na masu gwal. In ka ji farashi ya faɗo ƙasa warwas ka san da walakin. Ni a wajen masu kayan kyamara na fi samun na kirki, su kwastomominsu masu hoto ne, ba sa yafiya.

Wanda batirinsa na agogon bango ne ko rimot ɗin talabijin da ke shekara bai mutu ba, ba sai ya wahalar da aljihunsa ba, na yarwa ya ishe shi. Mai gidan da yara ke kwashe batura su ɓatar shi ma ya yi tunani. Nawa duk na rubuta musu lamba da maka, biyu-biyu, 1 da 1, 2 da 2, tare suke aiki tare suke caji, ba na haɗa sabo da tsoho. Kuma in na miƙa wa mai gabatarwa maik a wajen biki, da ya dawo da shi nake buɗe murfin a gabansa, don an taɓa dawo min da shi da wasu batura daban a ciki.